Rajistar kayan tarihi: wa zai iya ƙwace tamburan kakanninmu?

Makonnin nan magana ɗaya ke yawo a kasuwannin ƙauyukanmu na wajen Birnin Kudu: wai gwamnati za ta turo ma'aikata gida-gida su rubuta sunayen makaɗa da maƙera da masu tsofaffin littattafai, daga nan a kwashe kayansu a kai Abuja. Na ji wani dattijo har ya binne takobin kakansa a bayan rumbu. Wani kuma ya yi sauri ya sayar wa dillali tsohon tambari a kan kuɗin da bai kai buhun gero ba, wai kafin a zo a karɓe a banza. Cikin su biyun, na biyun ne ya taka doka, kuma bai sani ba.

Dokar ba sabuwa ba ce. Ita ce doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, mai riƙe da Gidan Makama a Kano da zane-zanen duwatsun nan namu na Birnin Kudu. Ba ruwanta da sunan makaɗi ko maƙeri. Kaya take kallo: ganguna, makamai, kayan sarauta, sassaƙa, kayan ado, da rubutun hannu.

Inda mutane ke rikicewa shi ne wane kaya ne ya zama na tarihi. Dokar ta ba da hanya biyu. Ta farko, abin da aka yi a ƙasar nan kafin 1918. Ta biyu, abin da ke da daraja ta tarihi ko ta fasaha, kuma an taɓa amfani da shi wajen wani bikin gargajiya, ko da bai kai waɗancan shekarun ba. Ke nan kalangun da aka ɗaure bara don kiɗan biki bai isa ya hana mai shi barci ba. Amma tambarin da aka daɗe ana bugawa a naɗin sarauta yana iya shiga ciki, ko da a zamanin En'e aka sassaƙa shi. Wanda ya yi shakka, dokar ta ba shi damar kai kayan ko hotonsa wa hukumar ta tantance.

To, rajistar fa? Wakilin hukumar yana iya zuwa a ranar aiki, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, ya nemi ka yi wa kayan rajista. Ka yi, kayanka na nan a ɗakinka. Sai wanda aka nema ya ƙi ne ɗan sanda zai iya kama kayansa, shi ma ɗin ba ya rasa su dungum sai da umarnin majistare. Kuma wakili na gaske da izini a rubuce yake tafe. Duk wanda ya zo da baki kawai, ku ce ya nuna takarda a gaban mai gari.

Haƙoran dokar suna wajen ciniki. Ba a sayar da kayan tarihi sai ga wakilin hukumar, ba kuma mai saye sai shi. Wanda ya saɓa, tarar naira 2,000 ko ninki biyar na darajar kayan, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin shekara 3, sannan a ƙwace kayan. Kada naira 2,000 ɗin ta ba ka dariya don yau ko kwanon shinkafa ba ta saye. Ninki biyar ɗin nan shi ne abin tsoro. Fitar da su waje ma sai da izini.

Ni dai a ganina, doka ta kyauta da ta tsaya wa kayanmu, ganin yadda aka yi wasoson gumakan Nok, tsofaffin gumakan yumɓu da aka tono a kudancin Kaduna, aka tsallaka da su Turai. Amma ɗora manomin da talauci ya sa ya rabu da gadon gidansu a sikeli ɗaya da dillalin da ya san abin da yake yi, wannan da nauyi. Shi dillalin tambarin nan tuni ya yi gaba, dattijon kuwa yana nan, kowa ya san ƙofar gidansa.