Waiwaye: yadda aikin al'umma ya koma horo a sakandaren Kano

Ana ta ka-ce-na-ce kan ko a wajabta wa ɗaliban sakandare wasu sa'o'i na aikin al'umma kafin su karɓi takardar kammalawa. Masu suka na cewa baƙon abu ne daga Amurka, inda jihar Maryland ta gindaya sharaɗin sa'o'i 75 tun 1992. Sai dai a Kano gayya ta girmi boko, ganuwa ma hannun jama'a ne ya ɗaga ta. Daga baya shirin yi wa ƙasa hidima ya zo a 1973, sai tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata a tsakiyar shekarun 1980. Waɗannan kowa ya san su.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne 1982. Yaran da suka kwarara firamare ƙarƙashin shirin ilimi kyauta na 1976, a shekarar suka iso ƙofar sakandare, makarantun kwana kuwa ba su da wurin ɗaukar su duka. Sai jeka-ka-dawo suka yawaita, wasu ma aka raba su safe da rana.

A makarantar kwana, safiyar Asabar ta aiki ce. Kowane gida na da yankinsa, shugaban aiki ya raba fatanya da adda da tsintsiya, malamin gida ya zaga ya duba, a yi gasa tsakanin gidaje. Ɗan jeka-ka-dawo kuwa da an kaɗa ƙararrawa ya nufi Islamiyya ko shagon maigidansa a Kwari. Kayan aikin suka koma sito, ba a fito da su sai don wanda ya makara ko ya yi surutu a aji. Yankan ciyawa da wankin banɗaki suka zama horo. Waɗancan ɗaliban su ne iyayen yau, ba mamaki uba ya ji an ce ɗansa zai yashe kwata kafin damina ya tambayi laifin da ya yi.

Ga shi aikin ba ya ƙara maki ko ɗaya a WAEC ko NECO, don haka ɗan aji shida ke fara zillewa. Ƙidayar sa'o'i ma ba ta magance wannan: in babu malamin da aka ware wa lokacin rakiya, babu shebur da baro da safar hannu, katin rubuta sa'o'in zai dawo da sa hannun wani dattijon unguwa, kwatar kuma tana nan a toshe.