Waiwaye: yadda opera da rawar bale suka baro zauren masu kuɗi suka shiga akwatin talabijin

Wanda ya kalli bikin naɗin Sarki Charles na Ingila ranar 6 ga Mayun 2023 ƙila zai tuna wata baƙar mata cikin doguwar riga rawaya da ta tsaya a cocin Westminster ta saki murya kafin a fara hidimar. Sunanta Pretty Yende, 'yar Afirka ta Kudu ce daga wani ɗan gari wai shi Piet Retief. Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne yadda ta fara, don ba a gidan opera ta soma jin opera ba, garin nasu ma ina suka ga gidan opera? Tana 'yar shekara 16 ana zaune ana kallo a gida sai aka sako tallar kamfanin jirgin sama na British Airways, a ƙarƙashin tallar muryoyin mata biyu suna rera wani abu na 'yan daƙiƙu, ta ce ita ba ta ma san ɗan'adam na iya fitar da irin wannan murya ba sai da ta je makaranta ta tambayi malaminta. Talla fa, irin wadda in an sako ta mutane ke miƙewa su je shan ruwa.

Kusan shekara 90 ke nan manyan gidajen talabijin na Turai da Amurka suna zuba kuɗi don su kai opera da bale gidajen talakawa, kuma sun yi ƙoƙari ba laifi, amma in ka bi tarihin za ka ga sau da yawa ta ƙofar baya abin ya fi shiga, ta talla, ta ƙwallo, har ta juyin mulki.

Ga wanda bai san su ba, opera wasan kwaikwayo ne da kusan komai rera shi ake, ko rufe ƙofa mutum zai ce a yi sai ya ja maganar da waƙa, ga makaɗa sittin ko saba'in ko fiye a wani rami gaban dandamali, mawaƙi kuma ba makirfo sai ƙarfin ƙirjinsa, dole muryar ta haye kan duk makaɗan nan ta kai kujerar ƙarshe. A Italiya aka haife ta wajen shekarar 1600, a fadojin sarakuna. Bale kuwa labari ne da ake bayarwa da ƙafa da hannu ba a buɗe baki, matan suna tsayuwa kan tsinin yatsun ƙafa, ita ma 'yar fada ce, Sarki Louis na 14 na Faransa da kansa yake rawar har ya kafa mata makaranta a 1661. An buɗe gidan opera na farko da kowa zai iya sayen tikiti ya shiga a Venis a 1637, to amma kowa ɗin nan da sharaɗi, sai mai kuɗin tikiti da kayan sawa, kuma mazaunin babban birni. Gidan Metropolitan na New York, wanda ake ce wa Met, yana cikin mafiya girma a duniya amma kujerunsa wajen 3,800 ne kacal, ko kwatan ƙaramin filin ƙwallo bai kai ba.

Tun kafin talabijin aka fara neman hanyar fitar da sautin waje. A Paris a 1881 wani injiniya Clément Ader ya ja wayoyin tarho daga gidan opera zuwa wurin wani baje koli, mutane na layi suna kara abu a kunne suna saurare, daga baya abin ya zama kasuwanci har zuwa 1932 lokacin da rediyo ya kashe shi. Met ta fara watsa wasanninta a rediyo ranar Kirsimeti ta 1931, kamfanin mai na Texaco ya ɗauki nauyin shirin daga 1940 har 2004, shirin kuma yana nan har yau ranakun Asabar. Rediyo dai ya yi wa opera rana, bale ce ba ta samu komai ba, don wa zai saurari rawa?

Sai ga BBC ta buɗe talabijin ranar 2 ga Nuwamban 1936 daga Alexandra Palace a Landan, kuma tun watannin farko aka riƙa gayyato mawaƙa da 'yan rawa cikin sutudiyo. Wahala ce zalla. Ɗaki ƙarami, fitilu masu zafi kamar bakin murhu saboda kyamarar lokacin ba ta gani sai da haske mai yawa, allon gida kuma bai wuce faɗin tire ba, baƙi da fari. Matsalar da ta fi ci wa masu ɗaukar bale tuwo a ƙwarya, kuma har gobe ba a gama da ita ba, ita ce ina za ka sa kyamarar. In ka matso don a ga fuskar mai rawa ka yanke mata ƙafafu, alhali ƙafafun ne ke maganar, in ka ja baya don a ga 'yan rawa ashirin da huɗu a jere sai su koma kamar tururuwa a kan faranti. Wata tsohuwar 'yar rawa, Margaret Dale, ita ta koma BBC a shekarun 1950 ta zama furodusa, da yake ta san inda kowane taku zai sauka sai ta riƙa sake tsara wasan tun daga tushe don idon kyamara. Tun kafin zuwanta dai yaƙin duniya na biyu ya rufe tashar a Satumbar 1939, sai 1946 aka dawo.

Amurka ce ta fi zuba kuɗi bayan yaƙi. A Nuwamban 1948 tashar ABC ta nuna daren buɗe kakar Met kai tsaye, wasan Otello. NBC kuwa ƙungiyar opera tata ta kanta ta kafa a 1949, suna rera komai da Turanci don mai kallo ya gane, har suka sa Gian Carlo Menotti ya rubuta musu sabuwa fil don talabijin, Amahl and the Night Visitors, labarin wani gurgun yaro makiyayi, ba ta kai awa ɗaya ba, aka nuna ta a jajibirin Kirsimeti na 1951 aka kuma yi ta maimaitawa duk shekara. A Janairun 1955 suka ba Leontyne Price, baƙar fata 'yar jihar Mississippi, matsayin jaruma a operar Tosca, masoyinta a wasan kuma farar fata, wasu tashoshin kudancin Amurka suka ce su sam ba za su nuna ba. Wannan tun kafin ita kanta Met ta ba ta dandamali, sai 1961 ta hau can. A Disambar 1955 ɗin dai NBC ta nuna fitacciyar 'yar rawa Margot Fonteyn da 'yan rawar Sadler's Wells na Landan a wasan bale na Sleeping Beauty, aka ƙiyasta mutum miliyan 30 suka kalla. Na zauna na yi lissafi, gidansu na Covent Garden kujera wajen 2,200 yake ci, ke nan sai sun yi fiye da shekara 35 suna cika shi kullum dare ba fashi kafin su tara mutanen da suka gan su a dare guda.

Amma ɗan talla ba ruwansa da wannan, shi mai kallo na kowane mako yake so, wasan barkwanci da na kaboyi sun fi arha sun fi jan jama'a. A 1964 ƙungiyar NBC ta watse. Daga nan abin ya koma hannun tashoshin gwamnati da na al'umma, BBC da RAI ta Italiya da PBS ta Amurka, daga baya Arte ta haɗin gwiwar Faransa da Jamus da aka buɗe a 1992.

A Tarayyar Sobiyet labarin daban ne, can ba ɗan talla, gwamnati ce ke cewa ga abin da za a kalla, kuma bale abin alfaharin ƙasa ce. Sai dai an yi amfani da ita ta wata hanya. Duk ɗan Najeriya da ya rayu zamanin soja ya san ma'anar ka kunna rediyo da asuba ka ji kiɗan badujala ba labarai, to a can kiɗan gargajiyar Turai da wasan bale na Swan Lake ne badujalar. Da shugaban ƙasar Brezhnev ya mutu a 1982 aka ɗauke shirye-shirye aka cika allo da irin waɗannan kafin a fito da sanarwa, haka aka yi wa magadansa Andropov da Chernenko. Ranar 19 ga Agustan 1991 da masu ra'ayin riƙau suka tsare shugaba Gorbachev suka yi yunƙurin juyin mulki, mutane suka kunna talabijin suka ga 'yan mata cikin fararen kaya suna ta rawar nan ana maimaitawa, kowa ya san yau ba lafiya. Har a Maris na 2022 da aka tilasta wa tashar Dozhd mai zaman kanta ta Rasha rufewa, ma'aikatan suka fice daga sutudiyo suka bar Swan Lake a kan allo, kuma ba Barashen da ya nemi a yi masa bayani.

Abin da ni nake ganin talabijin ya fi yi wa opera shi ne 'yar fassarar nan ta ƙasan allo. A shekarun 1970 an samu kyamarorin da ke gani a hasken dandamali na yau da kullum, ba sai an kashe wa masu tikiti ido da fitilu ba, PBS ta fara shirye-shiryen Live from Lincoln Center da Dance in America a 1976, a Maris na 1977 kuma ta nuna operar La bohème daga Met da mawaƙa Luciano Pavarotti da Renata Scotto. A irin waɗannan shirye-shirye ne mai kallo ya fara karanta abin da ake rerawa da Italiyanci ko Jamusanci layi bayan layi, mutumin da ya yi shekaru yana jin wata mata na ihu ya gano ashe cewa take tarin fuka zai kashe ta kuma ba kuɗin magani. Mu da muka ga yadda fassara ta ƙara wa fina-finan Indiya kasuwa mun san zancen. BBC har operar Ring ta Wagner, mai kusan awa 15, ta yanka gida-gida a 1982 tana nunawa mako-mako kamar shiri mai dogon zango. Sai abin ya juyo daga allo ya koma zaure, a 1983 kamfanin opera na Toronto a Kanada ya fara haska fassara a saman dandamali. Masu tsattsauran ra'ayi suka yi ca, James Levine shugaban makaɗan Met ya ce sai dai bayan ransa, amma a 1995 yana nan da ransa aka maƙala ƙananan alluna a bayan kowace kujera ta gidan.

Sannan ƙwallo. Italiya 1990, shekarar da Kamaru ta lallasa Ajantina 1-0 a wasan buɗewa Roger Milla kuma ya yi ta rawa a kusurwar fili. BBC ta ɗauki wata waƙa daga operar Turandot a muryar Pavarotti, Nessun dorma, ta sa a farkon shirinta na gasar, kafin ka ce kwabo ta hau ta biyu a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya, 'yan kallon ƙwallo da ba su taɓa taka Covent Garden ba suna jan ta a mashaya. Ranar 7 ga Yuli, jajibirin wasan ƙarshe, Pavarotti da Plácido Domingo da José Carreras, wanda bai daɗe da tashi daga cutar sankarar jini ba, suka tsaya a kangon wuraren wankan Caracalla a Rum, Zubin Mehta na jan makaɗa, aka ce wajen mutum miliyan 800 suka kalla. Masana suka yi ta ƙorafi wai an kwashe maiƙon an bar tuwon, waƙoƙi minti uku-uku ba labari ba komai. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, don kaɗan ne cikin miliyoyin nan suka je suka zauna awa uku a zaure, amma faifan ya zama wanda aka fi saye a tarihin irin wannan kiɗa.

Wanda ya fi burge ni shi ne gangancin da aka yi a Yulin 1992. Wani furodusa Andrea Andermann ya ce za a yi Tosca a ainihin wuraren da labarin ya faru a Rum kuma a ainihin lokutan, kai tsaye. Kashi na ɗaya da tsakar rana a cocin Sant'Andrea della Valle, na biyu da dare a fadar Farnese, na uku washegari da asuba a saman ganuwar Castel Sant'Angelo, rana na ɓullowa ana shirin harbe jarumin. Makaɗa ba sa wurin, suna can wani sutudiyo a wani gefen gari da Mehta, mawaƙa na hango hannunsa ta ƙananan talabijin da aka ɓoɓɓoye bayan ginshiƙai. Domingo, wanda shi ne jarumin, ya zame ya faɗi tun a kashin farko a gaban ƙasashe 107, ya miƙe ya ci gaba. A 2008 kuma talabijin na Suwizalan da Arte suka yi La traviata a tsakiyar tashar jirgin ƙasa ta Zurich, matafiya na wucewa da jakunkunansu ta gefen mawaƙa.

Yanzu talabijin kansa ya tsufa. Tun 30 ga Disamban 2006 Met ta koma aika wasanninta kai tsaye ta tauraron ɗan'adam zuwa gidajen silima, tikiti da sauƙi, ga kyamara har bayan labule ana hira da mawaƙiya tana haki tana share zufa, sai dai shugabannin gidan da bakinsu sun yarda cewa wasu tsofaffin 'yan kallonsu na kewayen New York ne suka daina zuwa zaure suka koma silima. Lokacin korona a 2020 suka riƙa sakin wasa ɗaya kyauta kullum dare a intanet, akwai kuma OperaVision da Tarayyar Turai ke tallafa wa, shi ma kyauta in dai kana da data.

A wannan shekarar ta 2020 ne bidiyon wani yaro ɗan shekara 11 a Legas, Anthony Madu, ya zagaye duniya, yana juyi ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti ana yayyafi, daga baya ya samu gurbi a makarantar bale ta Elmhurst a Birmingham. Malaminsa Daniel Ajala bai taɓa shiga makarantar bale ba, a wani fim ya fara ganin rawar, sauran kuma a YouTube ya koya.