Giyar T-5

T-5 giyar hannu ce mai hawa biyar da ribas, wadda kamfanin BorgWarner na Amurka ya ƙera domin motocin da ke ja da ƙafafun baya. A wajen masu sake gina tsofaffin motoci ta yi suna a matsayin giyabos na gwanjo mai sauƙin kuɗi, kuma da ita ake auna sauran.

Tarihi

An fara ganin ta a wajajen 1982 a motocin kamfanin American Motors (AMC) da Jeep, an kuma gina ta ne a kan tsarin T-4 mai hawa huɗu. A 1983 Ford ya sa ta a Mustang, General Motors kuma a Camaro da Firebird, da kuma akori-kurar S-10. Ta tsallaka teku ma: tana cikin Nissan 280ZX Turbo, da Ford Sierra RS Cosworth, da wasu motocin TVR na Ingila.

Babban sauyi ya zo a 1985 da samfurin World Class, wanda Ford ya fara karɓa, Camaro ta biyo baya a wajajen 1988. An sa boris mai allurai a ƙarƙashin giya ta ɗaya zuwa ta uku, aka canza zoben daidaita gudu daga tagulla zuwa mai shafen zare, shi ya sa take shan man giyar otomatik maimakon mai kauri. A ƙarshen shekarun 1990 aikin ya koma hannun kamfanin Tremec na Meziko. Mustang mai silinda shida ta ci gaba da amfani da ita har 2010.

Siffa

Jikinta alminiyam ne, nauyinta kusan kilo 34, mutum ɗaya na iya ɗaga ta. Ta Mustang mai silinda takwas (V8) ta 1985 zuwa 1989 an ƙayyade mata ƙarfin murɗawa kimanin niyuton-mita 360, daga 1990 aka kai shi wajen 407. Giya ta biyar tana rage juyin inji a doguwar hanya, abin da tsofaffin giyoyi masu hawa uku ko huɗu suka rasa.

Ba kowace T-5 ke shiga gurbin 'yar'uwarta ba. Ramukan noti, tsawon sandar da ke shiga kuloci da yawan haƙoranta sun bambanta tsakanin ta Ford da ta General Motors, don haka masu saye kan duba lambar da ke kan ɗan ƙarfen jikinta, wadda ke farawa da 1352. Wutsiyar ta S-10, wato ɓangaren bayan giyabos ɗin, tana da farin jini na musamman, domin sandar giyarta tana gaba, ba ta karo da doguwar kujerar tsofaffin akori-kura.

Kwatanci

T-56 mai hawa shida, wadda ta fito a Dodge Viper a 1992, ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai ta fi nauyi da tsada. CD009 ta Nissan 350Z tana jure inji mai ƙarfi, amma haɗa ta da injin wani kamfani na buƙatar farantin haɗi, kuma kuɗinsa kan cinye duk wani rangwamen da aka samu wajen sayenta. Akwai kuma AR5 ta Aisin, daga Chevrolet Colorado da Pontiac Solstice.

Ana saɓani a kan iyakar abin da T-5 ke ɗauka. Giya ta uku ce aka fi ambata wajen karyewa.