Kamfanin Batir na Eveready da Energizer

Eveready, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama Energizer, kamfanin Amurka ne mai ƙera batir na amfanin gida: na tocila, da rediyo, da agogon bango. Tushensa biyu ne. Na farko kamfanin National Carbon na garin Cleveland a jihar Ohio, wanda a 1896 ya fitar da busasshen batir mai suna Columbia. Kafin nan yawancin batura na ruwa ne, da an karkata su sai su tsiyaye.

Tushe na biyu Conrad Hubert ne, baƙo daga ƙasar Rasha da ya zauna a New York yana sayar da ƙananan kayan lantarki. Wani Bature ɗan Ingila mai suna David Misell ya haɗa masa fitilar hannu: bututun takarda, batura a jere a ciki, ɗan ƙwan fitila a baki. An yi mata rajista a 1899. Batirin lokacin ba shi da ƙarfi, sai a kunna na ɗan lokaci a kashe ya huta, shi ya sa Amurkawa suka raɗa mata sunan da ke nufin walƙiya. Duk da haka Hubert ya rarraba wa 'yan sandan New York, kuma yabon da suka yi ya buɗe masa kasuwa. A 1905 ya mayar da sunan kamfaninsa American Ever Ready, wato kullum a shirye. National Carbon ya haɗiye shi a 1914, bayan shekara uku kuma duka suka shiga ƙarƙashin kamfanin sinadarai na Union Carbide. Tsofaffin baturan Eveready na ɗauke da hoton baƙar kyanwa tana tsallakawa ta cikin lamba 9, don Turawa na cewa rai tara gare ta.

Mutumin da ya fi cancanta a tuna da shi a wannan tarihi shi ne Lewis Urry, injiniya ɗan Kanada. An ba shi aikin tsawaita ran tsohon batir a ɗakin binciken kamfanin da ke garin Parma a jihar Ohio, sai ya ga gyaran ba zai kai ko'ina ba, ya koma ga sinadarin alkalain. Dabararsa ita ce niƙa tutiya ta zama gari, domin wurin da sinadarai ke haɗuwa ya yawaita. Ya nuna wa shugabanninsa a ɗakin cin abinci da motocin wasan yara biyu: mai tsohon batir ta ɗan taɓa ta tsaya, tasa kuwa ta yi ta kai da komo. Batirin ya shiga kasuwa a 1959, daidai lokacin da ƙaramar rediyon transisto ke bazuwa a duniya.

An laƙaba wa batirin alkalain sunan Energizer a 1980. Bayan masifar iskar guba ta masana'antar Union Carbide a Bhopal ta Indiya a 1984, an sayar da sashen batir a 1986 ga Ralston Purina, kamfanin abincin dabbobi. Zomon wasan yara mai kaɗa ganga, alamar Energizer, ya fito a talla a ƙarshen shekarun 1980, don zolayar zomon abokin hamayya Duracell. Tun 2000 kamfanin ya tsaya da ƙafarsa da sunan Energizer Holdings, hedikwatarsa a yankin birnin St. Louis, kuma a 2019 ya sayi kamfanin batir na Rayovac.