Bayan shekara 45, ki sa jikinki a cikin lissafi

Iyayena mata da yayyena na Aboabo, Asawase da Sabon Zango, ina gaishe ku. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Kumasi, kuma da ke nake, ke da kika haura arba'in, yara sun fara tasawa, kin soma zama bayan isha'i kina tambayar kanki me ya rage miki.

Kin yi shekaru kina tashi kafin asuba, ki ɗora tukunyar koko ko ki kama hanyar kasuwar Kejetia. Kuɗin makaranta ke ce, yayin biki ke ce, gudummawar suna da zaman makoki duk da ke. Amma in aka ce ki zo asibiti sai ki ce wa zai tsare miki kaya. Wannan amsar tana ci mini rai, domin na san yadda take ƙarewa.

Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55. Kafin ta tsaya takan rikice, ta zo wannan wata ta tsallake wancan. Zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa zani cikin dare, barci ya ƙi zuwa, abu kaɗan ya ɓata miki rai, wata kuma ta ji zafi wajen kwanciya da maigida saboda bushewar gaba. Ba sammu ba ne, ba kuma iska ba. Sinadarin da jikin mace ke samarwa ne ya ragu, kuma akwai taimakon da za mu iya yi miki in kin faɗa. Ki kuma sani, sai kin cika wata 12 ba ki ga jini ba za a ce ta tsaya. Kafin nan ciki na iya shiga.

Ga inda nake roƙon ku. Idan al'ada ta tsaya shekara guda, sannan jini ya sake fitowa, ko ɗigo ne, wannan ba haila ba ce. Mata da yawa sukan je wurin malam su tambayi hukuncin salla da azumi, kuma daidai ne. To daga can ki zarce asibiti, a makon nan. Sau da yawa abin mai sauƙi ne, amma yana iya zama alamar farko ta sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, wadda in an gano da wuri ana maganinta. Haka kullutu a nono, ko da ba ya ciwo. Kada ki yi wata shida kina shafa magani, sai abu ya yi nisa a kai ki babban asibitin Komfo Anokye.

Hawan jini kuwa ba ya sallama. A auna ki ko kina jin garau. In ya kai 140/90 ko ya wuce a awo fiye da ɗaya, sai a fara kula. A duba sukari ma. Ki rage gishiri da magi a miya.

Maganar kuɗi: yayi ɗaya da kika bari ya wuce ya fi ƙarfin sabunta katin inshorar lafiya na NHIS, kuma ana yi ta waya da *929#. In kin ɗauki adashi, ki ware wani abu da sunan lafiyarki kafin 'yan uwa su ji labari. Ranar da za ki zo, ki taho da katin da duk magungunan da kike sha, har na gargajiya, mu duba tare.