Tsofaffin Otal-Otal na Kaduna da Suka Lalace

Kaduna gari ne da mulki ya haifa. Turawa suka dawo da hedikwatarsu nan daga Zungeru a 1917, kuma ta ci gaba da zama babban birnin Jihar Arewa har zuwa 1967. Garin da sarakuna da 'yan majalisa da manyan ma'aikata ke zuwa taro dole ya tanadi masauki, shi ya sa gwamnati da kanta ta gina manyan otal. Biyu ne suka fi suna, Hamdala da Durbar.

Hamdala ya samo asali tun zamanin Sardauna Ahmadu Bello, a kan titin Waff, wanda yanzu ake kira Muhammadu Buhari Way. Yana cikin kadarorin NNDC, kamfanin da jihohin Arewa 19 suka gada tare. A da, duk wani babban taron siyasar Arewa ko liyafar auren manya can ake nufa. Ginin yana nan, amma ya daɗe da rasa wannan matsayi, domin dukiyar da masu ita suka yi yawa ba ta samun mai tsaya mata.

Labarin Durbar ya fi ɗaci. Gwamnatin tarayya ce ta gina shi don baƙin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, lokacin da aka ba Kaduna ɗaukar nauyin hawan daba, mahaya suka taru daga masarautun Arewa. Daga wannan hawan, wanda ake kira durbar da Turanci, ya sami sunansa. Da aka shiga sayar da kadarorin gwamnati sai ya koma hannun 'yan kasuwa, daga baya aka san shi da iyalan Janar Sani Abacha. Bayan rasuwar Abacha a 1998 rigimar mallaka ta tashi, aka tafi kotu, otal ya rufe. Shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, ba mai ikon gyarawa, ba mai ikon sayarwa. Cikin wannan tsakani ɓarayi suka yi ta kwashe tagogi da ƙofofi da wayoyin lantarki, ciyawa ta cinye farfajiya, ginin da aka yi don fita kunyar baƙin duniya ya koma kango a tsakiyar gari. A Janairun 2020 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta rushe shi, tana cewa ya zama maɓoyar ɓata-gari. Iyalan Abacha suka ƙalubalanci rusau ɗin a kotu.

Ba rigimar mallaka kaɗai ta jawo wannan ba. Ƙirƙiro jihohi ya raba ma'aikatan Arewa zuwa manyan birane da yawa, komawar gwamnatin tarayya Abuja a 1991 kuma ta janye tarurruka da baƙi. Masaƙun Kakuri suka durƙushe, rikicin 2000 da na 2002 suka raba garin gida biyu, sannan ƙananan otal na 'yan kasuwa, masu janareto da ruwan rijiyar burtsatse, suka kwashe ragowar masu kwana.

Abin takaici game da Durbar shi ne ba tsufa ya kashe shi ba. Bai cika shekara 45 ba aka sa masa katafila, kuma kusan rabin rayuwarsa a rufe ya yi ta, alhali gari na fama da matasa marasa aikin yi da otal irinsa zai iya ɗauka.