Yaro ya kangare: gidan mari, asibiti, ko a riƙe shi a gida?

Iyaye ne ke yi mini waɗannan tambayoyi a nan Damagaram, wasu a ƙofar gida bayan la'asar, wasu cikin raɗa don kada maƙwabta su ji.

Ta yaya za mu gane ƙuruciya ce kawai ko rashin lafiya?

Saurayi ɗan shekara 15 ya yi gardama ko ya raba dare a fada, wannan ba ciwo ba ne. Abin lura shi ne sauyin hali da ya ƙi wucewa. Yaron da ke cin tuwo da ƴan'uwansa ya koma kulle kansa a ɗaki, barci ya ƙaurace masa, ya daina wanka, ya bar lakwal, yana magana shi kaɗai ko yana cewa ana bin sa. Ko yarinya ta rame tana cewa gara ta mutu ta huta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, don haka ba gidanku kaɗai abin ya shiga ba.

Ai tramol ne ya lalata shi. Idan aka kulle shi ba shi ke nan ba?

Sau da yawa ƙwayar tana ciki, amma a tambaya: me ya kai shi gare ta? Wani don ya jure tura kura ko kabu-kabu cikin rana ya soma, wani kuma damuwa ce ta riga ƙwayar zuwa. Tramol idan ya yi yawa yana kayar da mutum yana shure-shure, har a ɗauka iska ce. Wanda jikinsa ya saba kuma, in aka yanke masa rana ɗaya, sai ciwon gaɓoɓi, gumi, zawo da rashin barci su taso masa. Shi ya sa likita ke rage shi sannu a hankali. Kulle ɗaki yana hana shi samu na ƴan kwanaki, amma ranar da aka buɗe ƙofa, mai sayarwa yana nan inda ya bar shi.

Kawunsa ya ce a kai shi gidan mari.

Na san me ke kai uwa ga amincewa da wannan. Ya sayar da tukunyarta, ya ɗaga wa ubansa hannu, unguwa ta sa musu ido. Amma na ga wani yaro da aka dawo da shi bayan wata takwas. Yana zaune a zaure, ya janyo wando yana rufe idon sawunsa, inda ƙarfe ya bar baƙin zobe. Innarsa ta ce mini, "Malam, ka ga ya natsu." Ya yi shiru, gaskiya ne, amma ko an kira sunansa sai ya zabura ya kare kansa da hannu. Tsoro ne ya rufe masa baki, ciwon yana nan.

A watan Satumba na 2019 ƴan sandan Najeriya sun fito da mutum sama da 300, da yara a cikinsu, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala. Ba a jima ba aka sake samun irinsa a Daura, nan kusa da mu. Iyayen da suka kai su can, gyara suke nema.

Addu'a da ruƙiya ba su hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana su. Mari da duka da yunwa ne nake roƙon a bari.

To yaushe ne kwantarwa ta zama dole?

Idan yana neman hallaka kansa ko wani, idan ya ƙi ci da sha, ko ya rikice har bai san inda yake ba. A nan kada a jira gari ya waye, a nufi babban asibitin Zinder, inda ake duba masu taɓin hankali. Kwanciyar ta kwanaki ce ko ƴan makonni, da mai jinya daga gida, har guguwar ta lafa. Duk inda kuma aka ce ku bar yaro ya zauna, ku tambaya: akwai ma'aikacin lafiya? Za mu iya ganinsa duk lokacin da muka zo, mu yi magana da shi mu kaɗai? Yaushe zai dawo? Wurin da ya hana uwa ganin ɗanta, a juyo da shi gida.

Mene ne jiyya a cikin gida da unguwa?

Yaro yana kwana a ɗakinsa, ana kai shi ganin likita a ranakun da aka sa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin waɗannan cututtuka, don haka ana iya somawa da majo, babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibiti (CSI), shi ya tura gaba in abin ya fi ƙarfinsa. Ga ƙananan yara, zama da iyaye a gyara yadda ake tafiyar da su shi ke gaba da ƙwaya.

Idan an ba da magani, mutum ɗaya a gida ya riƙe shi, ya ba shi da hannunsa. Wasu magungunan suna sanƙarar da wuya ko su sa dalala; a koma wa likita ya gyara, kada a zubar. Kuskuren da na fi gani shi ne a daina da zarar an ga sauƙi, bayan wata biyu a koma gidan jiya.

Ya samu sauƙi, amma ba ya da abin yi.

A nemo masa tun kafin a sallame shi. In lakwal ta yiwu, uba ya je da kansa ya ga malamin ajin. In ba ta yiwu ba, a haɗa shi da tela, bakanike ko mai walda da zai yi haƙuri da shi, a gaya masa gaskiyar lamarin. Kuma a ja kunnen ƙannensa, kada a ƙara jin wani ya kira shi mahaukaci a tsakar gida.